Jajen Wutar Mama Ebele

Malumfashi, 2 ga Yuni

Zuwa ga Yaya Zainulabidin,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan za ta same ka lafiya kamar yadda ta bar mu. Inna lafiyarta lau, sai ƙafar nan da ke motsa mata in hadari ya haɗo. Na raka ta asibiti ranar Talata, an ce jininta ya ɗan hau, ta rage gishiri. Ta dubi likitan ta ce shi ya fara ragewa ta gani. Gwaggona tana gaishe ka, ta ce ko ka manta hanyar gidanta.

Ruwa ya yi mana wasa bana. An yi na farko aka fita shuka, sai ya ɗauke kwana goma sha shida. Masarar gonar hanyar Funtua ta ƙone tun tana ƙarama, jiya aka sake shuka ta.

Na san za ka ce ga waya, me ya kawo takarda. Wayar da layinka ba ya samun sabis sai ka hau gada ranar Juma'a, kuma Inna ce ke riƙe ta, ta buɗe murya har maƙwabta su amsa gaisuwarka? Ni abin da nake samu a ciki shi ne “ya gida” da “sai an jima”. Haladu direba, mai lodin masara a Funtua, ya ce duk sati biyu yana bi ta bakin ƙauyen da kake zaune a Kudu. Ya yarda zai riƙa kai mana. Kuma ka san ni, tun kafin a ɗaura mana aure nake son a rubuto mini abin da zan ninke in ajiye.

Ga abin da ya sa na rubuta. An yi suna a gidan Amatullah, mata suka tambaye ni aikin mijina. Na ce aikin mai. Wata ta ce, “Wane gidan man? In ce Maigida ya riƙa sha a can.” Aka yi dariya, ni ma na yi, amma na dawo gida raina ba daɗi, don ban san me zan ce ba. A littattafan da nake karantawa, in miji ya tafi aikin kamfani, ofis ne mai sanyi da baƙar mota. Kai kuma a hoton da ka turo, hular kwano ce da takalmi cike da taɓo, ka duƙa kana leƙen bututu.

Sai wutar nan da ke bayanka a hoton. Yaya, na kalle ta ban san adadi ba. Wai da gaske ba ta mutuwa, ko ruwa ake yi? Nakan zauna ina tsince wake in ga kamar mu biyu ne tsaye daga nesa, haskenta yana kan fuskarka. Ka ba ni labarinta, kada ka taƙaita.

Ka gaishe mini da Mama Ebele da kake zaune gidanta. Ban taɓa ganinta ba, amma Inna ba ta kwana uku ba ta ambaci zamansu na Funtua a bakin layin dogo ba, da yadda Mama ta goya ka wata biyu lokacin da Inna ta kwanta ciwo.

Taka,
Raudatu

* * *

13 ga Yuni

Zuwa ga Raudatu,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarki, ina lafiya, sai sauro da ruwan sama da ba ya ɗaukewa. Ki ce wa Inna ta bi maganar likita. Ki ce wa Gwaggo hanyarta ce ba ta ɓacewa.

In an sake tambayarki, ki ce mijinki mai neman yoyo ne. A tashar da nake, ɗanyen mai yana fitowa daga rijiya tare da gas. Mafi yawan gas ɗin shi ake kira miten. Ba shi da launi, ba shi da wari, in yana tsiyaya daga bakin bututu za ki wuce ba ki sani ba. Ni da abokan aikina uku muna yawo da wata kyamara mai ganinsa. A cikinta yakan fito kamar baƙin hayaƙi. In na ga wuri, sai in fesa ruwan sabulu, in ya yi kumfa na tabbatar, in rataya alama rawaya, masu gyara su zo su ɗaure ko su sauya. Makon jiya murfin wani tanki ne ya ƙi zama, wata nawa yana fitarwa ba wanda ya lura.

Abin da ya sa ake damuwa, miten in ya hau sama yana riƙe zafin rana fiye da hayaƙin mota nesa ba kusa ba. Ba zan ce shi ya ƙone mana masara ba, ba ni da wannan ilimin. Amma yana cikin abubuwan da ke sa damina ta daina tsayawa inda iyayenmu suka san ta.

Wutar da kike so kuwa, ba abin so ba ce. Gas ne da aka rasa yadda za a yi da shi ake ƙonewa. Bututunta a kwance yake, an kewaye shi da ganuwar ƙasa. Tana ruri kamar tirela mai hawa tudu, tana cinye kwanon rufin mutane. In iska ta yi ƙarfi ba ta ƙone gas ɗin duka, ni nake auna abin da ke tserewa, kuma yana da yawa.

Amma akwai masu cin abinci da ita. Nan damina ba a ganin rana, don haka mata goma sha bakwai ne suke shanya yankakken rogo a kan ganuwar, zafin wutar ya busar musu cikin wuni ɗaya, su kai kasuwa. Mama ce babbarsu. Shekara goma sha ɗaya ke nan, tun da ta baro Funtua. Gonakinsu a bakin kogi suke, ruwa yana cika su a Oktoba, saboda haka ƙarshen Satumba suke tone rogon gaba ɗaya su busar.

Yanzu an kawo injin da zai tattara gas ɗin ya tura shi bututu zuwa inda za a yi lantarki da shi. In an haɗa, za a kashe wutar kafin damina ta fita. Awon da na yi yana cikin abin da aka duba aka yanke. Kowa a tashar ya sani. Aiki ne mai kyau, na yarda da shi, amma in na ga Mama ta dawo da daro a ka, fuskarta ta yi ja don zafi, sai in rasa inda zan sa idona.

Kada ki gaya wa Inna tukuna, saboda jininta.

Mijinki,
Zainulabidin

* * *

Malumfashi, 24 ga Yuni

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya. Ruwa ya zauna, alhamdu lillahi, masara ta kai gwiwa, gobe za a zuba taki. Inna ta rage gishiri a miya, ta ƙara shi a gyaɗa.

Na karanta takardarka sau huɗu. Na farko na ji haushi da ka ɓata mini wutata. Na biyu na tsaya a kan ruwan sabulu, ina dariya, ashe duk karatun nan wanki ka tafi yi. Daga na uku kuwa ban ƙara ganin kowa ba sai Mama da daro a ka.

Na yi ta tunanin ranar da ka gaya mata. Na ga ku zaune a ƙofar ɗaki, ka sunkuyar da kai, ita kuma ta ce ba laifinka ba ne. Na san ba ka son ba da irin wannan labarin, shi ya sa ka tsallake shi. Ban ga laifinka ba.

To amma ni ba zan ji an yi wa uwar da ta goya ka irin wannan rashi in yi shiru ba. Ko akuya ce ta mutu a gidan maƙwabta, Gwaggo ta koya mini in sa hijabi in je in ce sannu. Balle sana'ar shekara goma sha ɗaya. In ban yi jaje ba, me za ta ɗauke ni? Za ta ce Zainu ya auro wadda ba a koya wa komai ba.

Don haka na haɗa mata ɗan ƙunshi: kuka da na daka da hannuna, daddawa, busasshiyar kuɓewa, da man shanu a kwalba. Inna ta ce abubuwan da ta fi kewa ke nan in sun yi waya. Na gaya wa Inna tsaraba ce kawai, ban faɗa mata dalili ba, kamar yadda ka ce. Na kuma rubuta wa Mama takarda, shafi biyu. Sai da na yaga uku kafin ta yi yadda nake so. Na ce wa Haladu ya miƙa mata hannu da hannu, ya yi mata jaje da bakinsa a madadina, kada ya bari ta bi ta hannunka don ka cika kunya.

Ka rubuto mini yadda ta karɓa. Ko ta yi kuka? Ko ta tambayi kamannina? In ta tambaya kada ka nuna mata hoton nan na ranar kamu, idona ya kumbura a ciki.

Abu ɗaya kuma. In an kashe wutar, garin zai yi shiru ke nan? Ina ta tunanin yaran da aka haifa a cikin rurin nan, ba su taɓa jin garinsu ba tare da shi ba.

Taka,
Raudatu

* * *

Malumfashi, 15 ga Yuli

Yaya,

Ina gaisuwa. Inna da Gwaggo suna lafiya. Ni ma jikina lafiya.

Sati uku ban samu takardarka ba. Juma'a biyu ka kira, ka gaisa da Inna, da ta miƙo mini sai ka ce sabis yana yankewa. Na ce wataƙila aiki ne.

Shekaranjiya Haladu ya aiko in same shi a tashar mota. Na shiga mota na je Funtua da murnata. Sai ya zaro ƙunshina daga bayan kujera, ɗaurin da na yi da hannuna ko kwance shi ba a yi ba.

Na ce, “Ba ka same ta ba?”

Ya ce, “Amarya, da ban same ta ba da ya fi. Na tarar da ita da mata sun kai takwas suna feraye rogo. Na durƙusa na ce matar Zainu ta ce in yi miki jaje, Allah ya musanya da mafi alheri. Ta ajiye wuƙa ta ce wa ya mutu a Malumfashi. Na ce ba kowa, wutar ce da za a kashe. Ta ce wace wutar?”

Yaya, sai na zauna a kan buhun wani.

Ya ce da ya miƙa mata takardata, ta ce idonta ba ya ganin ƙananan rubutu, shi ya karanta mata. Ya karanta, tana juya wa matan da yarensu. Har wurin da na ce na san zuciyarka ta karye ranar da ka gaya mata. A nan ta ce ya tsaya. Ta riƙe takardar, ta tura masa ƙunshin da ƙafa, ta ce ya mayar wa mai shi, ita ba a yi mata rashi ba tukuna.

Na ce, “To shi Yaya fa?” Ya ce, “Yana wurin aiki. Ni kuwa na ga hanya na bi, ina da kaya a mota.”

Ƙunshin yana cikin akwatina ƙarƙashin atamfofi, ɗakin duk ya ɗauki warin daddawa, Inna ta fara tambaya. Ban taɓa jin an mayar wa mutum kyauta ba sai a littafi, kuma a can daga nan zumunci yake yankewa.

Ba ka gaya mata ba ke nan? Ka ce kowa ya sani. Don Allah ko faɗa ne ka rubuto.

Raudatu

* * *

20 ga Yuli

Raudatu,

Na samu taki. Ina lafiya. A gaida Inna.

Na rubuta miki biyu na yaga, don a cikin fushi na yi su. Cewa na yi kowa a tashar ya sani. Tasha daban, gari daban, akwai shingen waya da masu gadi a tsakani. Da kin tambaye ni kafin ki aika. Amma da na huce na ga ba ke ce kika yi wata uku kina cin abincinta kina shiru ba.

Ban gaya mata ba. An tara mu a ofis tun Afrilu aka ce kada wanda ya fitar da maganar, jami'in hulɗa da gari ne zai kira taro ya sanar, sati ɗaya kafin ranar. Suna tsoron in an sani da wuri a tare hanya a hana haɗa injin. Na sa hannu a takarda. Kullum ina cewa ba aikina ba ne.

Ranar da Haladu ya zo, na dawo na tarar an rufe mini abinci kamar kullum. Tana zaune a kujerarta. Ta ce, “Injiniya, sannu da zuwa.” Tun da aka haife ni ba ta taɓa kirana haka ba.

Ta ce, “Tun yaushe ka sani?” Na ce tun Afrilu.

Ta ce, “Afrilu. Mayu ka ci, Yuni ka ci. Yarinyar da ba ta taɓa ganina ba ta fi ka kirki, ko da yake ta yi mini ta'aziyya ina raye a gaban mutane.”

Na fara yi mata bayanin miten. Ta ɗaga hannu. Ta ce, “Kana tsammani ina son wutar nan? Dubi idona. Dubi rufin ɗakina, sau uku na sauya. Ku kashe abarku. Rana nake tambaya. Wace rana?”

Na ce an hana ni faɗa. Ta ce to. Ta tashi ta shiga ɗaki.

Haka muke. Tana dafa mini abinci, tana gaishe ni, ba ta zama in ina wurin. Matan sun je ƙofar tasha, an ce musu za a kira taro. Na san ranar, Raudatu, tana cikin littafin aikina. In ta fita daga bakina kuma aka samu hayaniya, ni za a fara nema, kuma wata na bakwai ke nan da fara aikin. Na fara tambayar ɗaki a wani gida.

Zainulabidin

* * *

Malumfashi, 30 ga Yuli

Yaya,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Masara ta fara goyo. Gwaggo ta yi zazzaɓi kwana biyu, ta warke.

Ka yi haƙuri. Na karanta abin da ka rubuta, na ƙara masa abin da nake so ya kasance, na kuma aika a kansa. Na zauna ina gyara kalmomi don su yi daɗi, ban tsaya na tambayi ko matar tana buƙatarsu ba. Wannan nawa ne, na ɗauka.

Na gaya wa Inna. Kada ka yi fushi, warin daddawa ne ya tona ni. Ta buɗe akwatin da kanta ta ce, “Wannan ba shi ne kika aika wa Ebele ba?” Na durƙusa na faɗa mata komai, ina jiran jininta ya hau. Ko gezau. Ta ce in miƙo mata goro.

Ta ce, “Ke yarinya ce, kin yi wauta da kyakkyawar niyya. Shi kuwa ƙato ne.”

Sannan ta ba ni labarin da na tabbata ba ka sani ba, don kana shekara huɗu. Lokacin da gidan gurzar audugar da Baba ke aiki zai sallami ma'aikata, ba a gaya wa kowa ba. Wani akawu mai sayen manja a shagon Mama ne ya yi suɓul da baka. Mama ta rufe shago da rana tsaka ta zo ta gaya wa Inna, saura wata guda. Baba ya dawo Malumfashi ya yi sharar gona kafin ruwa ya sauka. Waɗanda ba su ji ba, takarda aka miƙa musu damina ta yi nisa, shekarar nan ba su noma komai ba. Inna ta ce, “Gonar hanyar Funtua da kuke ci, bakin Ebele ne ya ba mu ita.”

Ta so ta kira Mama nan take. Na roƙe ta ta bari, don in Inna ta shiga maganar, kai ka fita ke nan, kuma ba za ka ƙara iya zama a gaban matar nan ba.

Ni dai 'yar manoma ce, bari in faɗa maka abin da na gane. Kai ka rubuto cewa ƙarshen Satumba suke tonon rogo, ruwa ya cika gonakin a Oktoba. Rogo in an tone shi ba ya kwana uku. In an kashe wutar kafin su tone, ko su bar shi ruwa ya ci, ko su tone ya ruɓe a daro. Sati ɗaya ba zai ishi mata goma sha bakwai a ganuwa ɗaya ba. In sun san ranar yanzu, za su fara tono tun Agusta, ko da bai gama ƙosawa ba. Wanda ya ce sati ɗaya bai taɓa shanya ba.

Ban ce ka karya abin da ka sa wa hannu ba. Amma ka taɓa zuwa ka faɗa wa shugabarku wannan, yadda na faɗa maka? Madam Omowunmi da kake cewa ba ta barin ko ƙaramin yoyo ya kwana. Ka je da kwanakin a rubuce, kamar yadda kake kai mata awo. In ta hana, sai mu san abin da ke gabanmu, kuma duk abin da ka zaɓa ina tare da kai, ko da gona za ka dawo.

Kada ka tashi daga gidan nan. Inna ta ce in ka tashi kada ka kira ta ranar Juma'a.

Taka,
Raudatu

* * *

12 ga Agusta

Raudatu,

Sallama. Ina lafiya, a gaida Inna da Gwaggo. Haladu yana jira a bakin titi, zan taƙaita.

Na je. Na tsaya a ƙofar ofishinta har sau biyu ina komawa. Na shimfiɗa mata kwanakin, na ce faɗin ganuwar daro kaza yake ɗauka a wuni. Ta ce, “Wannan aikin jami'in gari ne, me ya shafe ka?” Na ce a gidan babbarsu nake kwana. Ta daɗe tana duban takardar, ta ce, “Wa ya yi maka wannan lissafin?” Na ce matata.

Sun yi kwana huɗu suna gardama a sama. An yarda a matso da taron, amma Madam ta ce tunda ni na tayar, ni zan tsaya in faɗa, kuma in an tare hanya sunana ne a rahoto. Ranar Asabar na tsaya a gaban gari na ce ashirin ga Satumba. An yi ihu, wani ya jefe ni da ɓawon rogo. Mama kuwa yatsu take lanƙwasawa tana ƙirga sati.

Yau Litinin suka fara tono. Ba a tare hanya ba, ba mai lokacin.

Zainulabidin

* * *

24 ga Satumba

Zuwa ga Raudatu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, an kuma fara karyar masara. Na samu takardunki biyu, ki yafe rashin amsa. Ranakun aiki muna bin bututun sabon injin gaɓa gaɓa da kyamara, mun samu yoyo tara an gyara. Ranakun hutu ina gonar Mama da daro a kaina. Wuyana har yanzu bai dawo daidai ba. Matan suna kirana sabuwar amarya.

An kashe wutar ranar Juma'a da hantsi. Madam ta ba da umarni, aka juya bawul mai tsayar da gas, wutar ta ja baya kaɗan kaɗan, ta yi shuɗi, ta ɗauke. Na ɗora kyamara a bakin bututun minti goma, babu ko ɗigo. Kin tambaya ko garin zai yi shiru. Ya yi. Wani yaro ya toshe kunne ya fashe da kuka.

Rogon bai yi girman na bara ba, amma ya shiga buhu. Na Mama daro arba'in da ɗaya ne, talatin da tara sun bushe. Biyun ƙarshe ruwa ya hana a shanya ranar Alhamis, zuwa Lahadi sun yi baƙi, muka zubar. An yi musu alkawarin injin busarwa mai aiki da gas kafin baɗi. Alkawari ne, ban ga ko ƙusa ba tukuna, kuma Mama ta ce kullum za ta tambaye ni a kan abinci har ya zo.

Jiya ta zauna ina ci, karo na farko tun Yuli. Ta ba Haladu buhu guda na Inna. Sannan ta ce in rubuta miki wannan yadda ta faɗa, kada in gyara:

“Ka ce wa amarya yanzu an yi mini rashi, daro biyu. Yanzu jaje ya kama. Ta aiko, zan karɓa. Amma ta taƙaita, wancan sai da Haladu ya nemi ruwa.”

Mijinki,
Zainulabidin

* * *

Malumfashi, 3 ga Oktoba

Yaya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, masara tana kan daɓe, ta yi fiye da yadda muka zata bayan shuka biyu. Buhun ya iso. Inna ta buɗe ta ɗanɗana ta ce Ebele ta tsufa, da can ta fi yanka shi siriri, sannan ta kira ta suka yi awa guda a waya. Na ji Inna tana cewa, “Ki ƙara masa daro baɗi.”

Ina da abubuwa da yawa da zan rubuta maka a kan shirun nan, amma sai a takarda ta gaba. Yau motar Haladu da wuri za ta tashi. Ga ƙunshi, ga 'yar takarda a ciki. Wannan karon kai za ka miƙa mata, kai za ka karanta mata, a gaban duk wanda ke wurin.

Taka,
Raudatu

Zuwa ga Mama,

Ina wuni, Mama. Ni ce Raudatu, matar Zainu. Sannu da asarar daro biyu, Allah ya musanya. Ki yafe mini na farko.

Kukar sabuwa ce. Waccan Inna ta sa mun yi miya da ita.

'Yarki,
Raudatu